Mangwaron Gwaggo Hajjo a Tsibin Bature

Ku matso, jikokina da jikokin wasu. Yau kaina zan tona wa asiri tun Laraba ba ta riga ni ba, don in ita ta ba ku labarin nan sai ta ƙara masa gishiri, alhali ko lami aka ci shi ya ishe ni kunya. Sunana Hajjo, a Kwarin Tsamiya nake, wani ƙauye tsakanin Ƙarfi da Malumfashi. Rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfurata, saboda haka in kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

A bayan garinmu akwai wani tudu da muke kira Tsibin Bature. Ba haka Allah ya halicci wurin ba. Tun kafin yaƙin Bama wasu Turawa suka zo suka haƙa rami suna wanke ƙasa, wai zinari suke nema. Ko sun samu ko ba su samu ba, ba su dai yi mana sallama ba. Muka wayi gari sun tafi, sun bar mana tarin ƙasa fari-fari da ɗorawa-ɗorawa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ko tsidau ba ya fita a kansa. In an yi ruwan sama sai wani jan ruwa ya gangaro daga jikinsa kamar tofin goro, duk dawar da ya taɓa ta ƙone. Hanyar da ruwan nan ya zaɓa kuwa ita ce gonar da marigayi maigidana ya bar wa ɗana Hussaini. Kowace damina sai ya cinye kunyoyi biyu ko uku.

Da bazarar shekara ta huɗu da samun mulkin kai, Hussaini ya shigo ɗakina ya tsuguna ya ce ya gaji. Da zarar an buɗe kasuwar auduga zai kwashi matarsa Shafa'atu da yara uku su koma Funtua, ya shiga lebura a injin gurzar auduga. Cikin yaran nan akwai takwarata, ana ce mata Ummi, shekararta uku. A bayana take barci, a ƙwaryata take shan fura, in na yi tari ita ma sai ta yi. Mace mai hankali da ta ji wannan magana kuka za ta yi, ɗanta ya ji tausayi. Ni ban yi kuka ba. Cika baki na yi.

Dalili kuwa, shekara bakwai kafin nan na shuka kabewa ta hau rufin ɗakina, ta yi ɗa guda wanda sai da maza biyu suka sauko da shi. Tun ranar na ɗauka Allah ya ajiye wani abu a tafin hannuna da bai ba sauran bayinsa ba. Saboda haka washegari a bakin rijiya, mata sun cika, na ɗaure zane na ce kafin a buɗe kasuwar auduga Tsibin Bature zai zama lambun mangwaro, har 'yan Malumfashi su riƙa zuwa shan inuwa.

Laraba na wurin. Bamagujiya ce, gidanta na jikin namu, tare muka yi 'yanmatanci, tare muka tsufa, kuma tun muna tallar gyaɗa ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba. Ta ajiye guga ta ce wurin da dattawansu suka yanka baƙin bunsuru ya ƙi, shi zan gyara da bakina.

Na ce, "Laraba, ni ko taɓarya na dasa sai ta yi ganye."

Ta ce, "To ki fara da taku, don ta daɗe ba ta daka komai ba."

Kafin azahar maganar ta zaga gari ta isa kunnen Hussaini. Bai yi faɗa ba, halin ubansa gare shi. Ya ce in Malamin Daji, ma'aikacin gwamnati mai kula da itatuwa, ya zo da kansa, gaban dagaci, ya ga itace mai rai a kan tsibin nan, zai kwance kayansa. In bai gani ba, kada in ƙara tsayar da shi. Na ce in bai gani ba ni da kaina zan ɗauki tabarmarsa a ka har bakin mota.

Na hau jakin Mati, mai yi wa mutane dako, na tafi Malumfashi. Malamin Daji wani Bayarabe ne, Adekunle, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama ba shi labarin kabewa. Sannan ya ce ya san tsibin, ƙasar na da guba da tsami. Ya ce a haƙa rami zurfin ƙugu, a zubar da ƙasar wurin, a cika da ƙasar juji da toka da taki wanda ya kwana biyu ya ruɓe. A yi shinge. A dasa itace mai taurin rai irin su bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, zai ba ni kyauta ko nawa nake so. Mangwaro kuwa in manta da shi, don ko ya rayu ba za a sha 'ya'yansa ba.

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce ban ɗaure zane gaban mata na yi alkawarin dogon yaro ba. Wa ya taɓa yin tutiya da itacen da ko akuya sai yunwa ta ci ƙarfinta take kallonsa?

Ya ce, "Gwaggo, ƙasar nan ba ta san tutiya ba."

Na ce, "Ɗan nan, ba ta san Hajjo ba ne."

Na dawo na kira gayya. Na dama fura randa biyu, Shafa'atu ta tuƙa tuwo, samari suka fito da diga da fartanya, makaɗa suka zo. To, ƙasar tsibin nan tauri gare ta kamar daɓe. Hantsi ya yi, rami uku kacal aka yi, su ma ba su kai gwiwa ba. Sai wani makaɗi ya matso kusa da kunnena ya shiga kirari, yana cewa Hajjo uwar kabewa, mai lambu arba'in, wadda ta gagari Bature. Da na ji arba'in ɗin nan kaina ya kumbura. Na tuna Malamin Daji ƙugu ya ce, amma bai ce ƙugun wa ba. Na ɗauko Ummi na tsayar da ita cikin rami ɗaya, ƙasa ta kai mata cibiya. Na ce wa samari ga ma'auni nan. Kafin la'asar an yi rami arba'in, kowanne in kaza ta shiga kana hango wutsiyarta.

Sai taki. Na ji an ce angurya, wato 'ya'yan auduga da ake cirewa a wurin gurza, in ta ruɓe ba takin da ya kai ta. Ruɓewar ce ban tsaya jira ba. Mati ya yi mini sawu uku daga gidan wani ɗan'uwansa mai turken shanu, na barbaza ta a ramuka da bakin ramuka, tsibi ya yi fari tas kamar an yi masa ado. Abin da na manta shi ne bazara ce, ba a yi shelar ɗaure dabbobi ba, kuma babu abin da akuya ke so a duniya kamar angurya. Laraba na da wani jan bunsuru wanda ba igiyar da ta taɓa riƙe shi kwana biyu. Shi ya fara jin ƙanshi. Ban san da wane yare ya sanar da sauran ba, amma da na fito da hantsi na tarar da awakin Kwarin Tsamiya kaf a kan tsibin, har da waɗanda ban sani ba, na unguwannin kewaye. Na shiga cikinsu da muciya. In na kori na gabas, na yamma su cika wurin. Ɗankwalina ya faɗi, wata tunkiya ta fara taunarsa. Mata suka jeru a gindin tudu suna kallo, Laraba ta ce gaskiyar Hajjo ce, ga baƙi nan sun fara zuwa lambu tun ba a dasa ba.

Kwana uku suna wannan walima. Suka cinye angurya, suka bar mini kashinsu ko'ina kamar an watsa wake.

Na ce to, shinge. Ba ni da itace, amma Laraba na da wata babbar cediya a bayan gidanta. Na je na ce bunsurunta ne ya ja mini asara, saboda haka cediyarta za ta biya. Ta ce in sara, ko banza rassan sun dame ta da tsuntsaye. Mati ya saro dirkoki masu kaurin damtse. Da aka zo kafawa na ce ya yi ramuka irin ma'aunin Ummi. Mati ba makaɗi ba ne. Ya ce shi ba ya aiki sau biyu, dirka in ba ta nutse ba iskar farkon damina za ta kwantar da ita. Ya yi kwanaki yana haƙa har ƙugunsa, ina tsaye a kansa ina mita yana ɓata mini lokaci. Da ya ga tsakuwar wurin ba ta kama dirka, sai ya kwaso ƙasar juji daga bayan gari, ya share kashin awakin nan ya haɗa, ya cika ramukan ya daddanna. Muka kitsa ƙaya da kara a tsakani. Ban ko yi masa sannu da kirki ba, hankalina na kan mangwaro.

Ruwan shuka ya sauka. Na ba wani mai lambu a Danja kajina biyu, ya ba ni 'ya'yan mangwaro arba'in a gwangwani, ganyensu ja-ja kamar jarirai. Na dasa da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba, kada a gurɓata albarkar. Da na tuna awaki sun cinye takina, sai na share akurkin kaji na gidanmu da na maƙwabta. Malamin Daji ya ce taki wanda ya kwana biyu. Na ce in tsohon taki na da ƙarfi, ina ga sabo mai jini a jika? Na cika gindin kowanne da ɗanyen kashin kaji. Kwana shida ganye ya naɗe, kwana tara ya koma kamar taba. Laraba ta leƙo ta kan shinge ta tambaye ni ko soyayyen mangwaro nake shirin sayarwa.

Na zauna na yi tunani, abin da ban cika yi ba. Na tuna toka. Na ce ai toka ce ban sa ba, shi ya sa. Na bi gida-gida ina kwashe murhun mutane, har mata suka fara ɓoye tokarsu don ba su da ta yin sabulu. Wurin da toka ta fi yawa shi ne murhun Laraba, inda take dafa burkutu a manyan tukwane. Na je da Mati da jakinsa da hantsi, a ranar da ta sauke tukunya. Ta ce in bari sai gobe, ba ta huce ba. Na sa bayan hannu a sama-sama na ce ta huce, ni da na shekara hamsin ina hura wuta ba za a koya mini toka ba. Muka cika mangala ta kaba, hagu da dama.

Mun kai daidai ƙofar masallaci sai na ga jaki ya ɗaga kunne ɗaya. Sai na ga hayaƙi siriri yana tashi daga mangalar hagu. Kafin Mati ya ce wani abu jakin ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, ya zabura. Ya bi ta tsakiyar gari hayaƙi na binsa kamar jirgin ƙasan Funtua, ya watsar da tallar 'yan mata, ya ratsa tsakanin masu saƙa ya tafi da zarensu a wuya, ya shiga zauren wanzami ya fita ta ɗaya ƙofar. Wanda ake yi wa aski ya fito da rabin kai. Mati na gudu yana kiran sunan jakin, ni ina bayansa ina riƙe da zane ina cewa a tare, tokata ce. Jakin bai tsaya ba sai cikin kududdufi. Allah ya taimaka gashin gefensa kawai ya babbake, amma har yau in ya hango ni sai ya juya mini baya ya daidaita ƙafa.

Mati ya yi rantsuwa jakinsa ba zai ƙara taka cikin shingen nan ba. Sauran tokar da na tara, wadda ta huce da gaske, sai ya riƙa zubar da ita a gindin dirkoki daga waje ya juya. Na ɗebi abin da zan iya da ƙwarya na kai ramuka, ragowar ta zauna nan ruwa ya bi ta kanta.

Na ba mai lambun Danja zakarana da agwagwa, ya ba ni wasu arba'in, yana tambaya ko cin su nake yi. Waɗannan sun yi sati uku, har na fara tafiya ina karkata kafaɗa. Sai ruwan tsakiyar damina ya kankama. Ramukan ma'aunin Ummi suka cika da jan ruwan nan kamar akusa, saiwa ta taɓa ƙasar Bature, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina neman wanda zan ɗora wa laifi sai idona ya kai kan shinge. Dirkokin nan sun fara fitar da wasu 'yan tsiro kore shar. Na ce yauwa, ga ɓarayin. Su ke shanye wa mangwarona abinci. Daga ranar, kowace safiya sai na zaga shingen na tsinke duk tohon da ya leƙo, ina zaginsa, ina cewa wa ya gayyace ka. Na yi wata biyu ina wannan aiki, ban fasa ko ranar Juma'a ba. Mangwaro na ƙarshe ya mutu ana yankan gero.

Daga nan na daina zuwa. In an tambaye ni sai in ce suna nan lafiya, ba na son ido ne ya yi musu yawa. Na toshe ƙofar shingen da ƙaya. Shafa'atu kuwa ta fara wanke tukwane tana jerawa cikin kwando. Ummi ta zo ta tambaye ni ko a Funtua akwai bayana. Na ce mata ta tafi ta yi wasa.

Aka sa rana, Malamin Daji zai zo ranar Laraba da hantsi. Ranar Talata mutanen gari suka tafi kasuwa, gari ya yi shiru. Mangwaro guda ne a Kwarin Tsamiya, na dagaci, rassansa sun zubo ta bayan katanga. Na jawo turmi na hau, da tsufana, na sassare abin da gatarina ya kai. Na kai su ɗaki na tsoma cikin randa na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da gari ya waye na kai su tsibi na soke a ramuka, na tara ƙasa, na yayyafa ruwa. Jama'a, in kun ga wurin a wannan safiya da kun ce aljanna ce ƙarama. Ni kaina sai da na kusa yarda. Lissafina shi ne malami ya zo da sanyin hantsi, ya leƙa, ya rubuta, ya tafi. Abin da zai biyo baya ban kai can ba.

Gari ya taru. Dagaci ya zo aka shimfiɗa masa buzu, aka buɗe ƙofar shinge don kowa ya gani. Mutane na ta salati. Hussaini ya tsaya ya riƙe haɓa yana kallon ganye yana kallona. Laraba ta zaga sau ɗaya ta dawo, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mangwaro ɗan wata biyar da kaurin gwiwar hannu ba. Na ce albarka ba ta tambayar shekaru.

Dagaci ya kira ni kusa ya yi mini barka. Sannan ya shiga ba ni labarin ɓacin ransa, wai jiya makiyaya sun aske masa mangwaro ta baya, ko kunyar layar da ya rataya ba su ji ba. Ya ce duk wanda ya yi wannan aiki Allah ya tona masa asiri gaban jama'a. Kowa ya ce amin. Ya dube ni. Na ce amin, ranka ya daɗe, amma a hankali na faɗa, ko mala'iku ba za su ji ba.

Hantsi ya wuce, ba Malamin Daji. Ashe kekensa ne ya yi faci a hanya. Rana ta take. Na ga ganyen da ke kusa da ni ya sunkuyar da kai. Na matsa na tsaya a gabansa, na baza zane. Na gefensa ma ya sunkuya. Jikina ba shi da faɗin da zai rufe arba'in. Na ɗauki tulu na shiga yayyafi, ina gaya wa mutane irin Danja ne, haka yake, da tsakar rana yakan ɗan yi ƙailula.

Laraba ta ce, "In ƙailula ce, wancan na ƙarshe a duba shi, ina jin ya cika."

Ana kiran azahar Adekunle ya iso yana tura keke, gumi ya jiƙa masa kaki. Ya gaida dagaci, ya juyo ya dubi lambuna. Yaron kirki ne, na ga yana neman hanyar da zai bi bai kunyata tsohuwa ba. Bai samu ba, don jan bunsurun Laraba ya riga shi. Ya shigo yana jan guntun igiya, ya wuce dagaci ko kallo, ya kama reshen da ya fi kowanne ganye ya fizga. Itacen gaba ɗaya ya biyo shi. Ya ratsa tsakiyar taro yana jansa, gindin fari fes, saran gatari a fili, ko saiwa ɗaya babu. A tsakiyar ganyen kuwa wata 'yar jar laya tana lilo.

Dagaci ya miƙe tsaye. Ya dubi layar, ya dube ni. Ya ce, "Hajjo, ashe ke ce makiyayan."

Ban san dariya na da nauyi ba sai ranar. Wanzami ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Mati ya tafi ya rungume jakinsa. Ni dai ina tsaye da tulu, na rasa inda zan ajiye idona, sai na ajiye shi kan Shafa'atu, na ga ta goya Ummi ta juya za ta koma gida. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Hussaini bai yi dariya ba. Kunyata ta kama shi, ya rasa wanda zai huce a kansa sai bunsuru, wanda ya dawo ɗaukar na biyu. Ya kai hannu zai tuge dirka ɗaya daga shinge ya rafka masa. Dirka ta ƙi. Ya sa hannu biyu. Ta ƙi. Ya tokare ƙafa ya ja har hularsa ta faɗi, wasu samari biyu suka kama masa, ƙasa ta tsage kaɗan, sai ga saiwoyi fari-fari kamar yatsu sun riƙe ƙasa gam.

Adekunle ya yar da keke ya ce su tsaya. Ya durƙusa ya kankare ɓawon da farce, ga kore, ga farin ƙaro na tsattsafowa. Ya bi shingen dirka bayan dirka, jama'a na binsa. In ka cire biyar ko shida, duk suna da rai, ga sabon toho ya fara fitowa tun da na daina zuwa. Ya tona gindin ɗaya ya ga baƙar ƙasa da toka da kashin awaki. Ya zaga ta gangaren gonar Hussaini ya nuna inda ciyawa ta kama a layin tokar, jan ruwan bana bai wuce ta sosai ba. Ya tambayi wanda ya haƙa ramukan nan, Mati ya ɗaga hannu. Sannan ya shafa jikin wata dirka ya ga tabo birjik, ya ce da an bar su da yanzu sun yi inuwa, wace dabba ce ta yi ta tsinke musu toho?

Na ga idon mutane na komawa kan bunsuru. Na so in bar shi da laifin, wallahi na so. Amma addu'ar dagaci ta riga ta ci ni sau ɗaya a ranar, ban son ta biyu.

Na ce, "Ni ce, ɗan nan. Kullum da safe."

Ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce wa dagaci a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin itacen da ya rayu a kan tsibin nan ba, balle wanda ya rayu a kan tsibin nan kuma Gwaggo na yaƙarsa. Ya ce in an ƙara layi biyu bana da baɗi, da zurfin Mati, za a tare ruwan nan daga gonar, amma kada a ba dabba ganyen tukuna.

Na ji ƙarfina na dawowa. Na gyara ɗankwali na ce ai na faɗa tun a bakin rijiya, abin da hannuna ya taɓa ba ya mutuwa. Laraba ta ce cediyarta ce, ramin Mati ne, tokarta ce, kashin bunsurunta ne, ni abin da na kawo kawai shi ne gaba da itacen. Dagaci ya yanke hukunci in kai masa taki mangala biyar a gindin mangwaronsa, ruɓaɓɓe, kuma ba a jakin Mati ba.

Hussaini ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya daɗe yana kallon saiwar nan. Ya mayar da ƙasa ya rufe ta da hannunsa, ya daddanna.

Ya ce, "Inna, itace mai rai na ce, ga shi kuwa. Zan kwance kaya. Amma da sharaɗi ɗaya."

Na ce ya faɗa, ko goma ne.

Ya ce, "Kada ƙafarki ta ƙara shiga shingen nan."

Shekara huɗu ke nan. Cediyoyin sun yi kai, an ƙara layin bedi a bayansu, dogon yaron da na raina. Tsakiyar tsibin har yanzu fari ne, ba zan yi muku ƙarya ba, na ƙoshi da ita. Amma bara Hussaini ya noma kunyoyi shida da suka mutu tun ubansa na da rai. Ni da Ummi mukan zauna a inuwa daga waje, don har yau dokar na aiki, in na miƙa hannu ta cikin shinge ita ke buge shi.

Washegarin ranar nan kuwa, da sassafe, Laraba ta shigo gidanmu ba ko sallama, ta jingina tsohuwar taɓarya a ƙofar ɗakina ta fita. Kuna tsammani na mayar mata? Na kira Mati ya haƙa mini rami har ƙugunsa a bayan ɗaki, na sa ƙasar juji da toka mai sanyi, na dasa ta. Kullum in Laraba ta leƙo ta tambaya, sai in ce mata ta yi haƙuri, irin mai nawa ce. Ba ta yi ganye ba tukuna. Amma ban tsinke mata komai ba, kuma ba wanda ya isa ya ce mini ta mutu.